Kai Ko Ke: Wakilin Suna Da Soyayyar Jinsi Ɗaya A Wani Littafin Le Guin

Abin da ya jawo wannan takarda wani ɗan gwaji ne da na yi da ɗalibaina na darasin fassara. Na ba su shafi guda na wani littafin Turanci, na ce su mai da shi Hausa. Ba su kai layi na uku ba sai duk suka ɗago kai, tambayarsu kuwa ɗaya ce: wanda a ke yi wa magana a shafin nan, “kai” za a ce masa ko “ke”? Ban iya ba su amsa a ranar ba.

Littafin shi ne The Left Hand of Darkness, watau Hannun Hagun Duhu, wanda Ursula K. Le Guin, Ba'amurkiya, ta fitar a 1969, ya kuma ci manyan kyaututtukan nan biyu, Hugo da Nebula. Yana cikin ƙagaggun labaran kimiyya, irin waɗanda su ke kai mai karatu wata duniya don ya waiwayo ya dubi tasa. Duk mai ba da tarihin yadda soyayyar namiji da namiji, ko ta mace da mace, ta shiga wannan fanni, ba ya tsallake shi. Ba shi ne na fari ba. Tun a 1953 Theodore Sturgeon ya buga wani gajeren labari, The World Well Lost, na waɗansu baƙi biyu daga wata duniya da mutane suka yi ta sha'awar ƙaunar da ke tsakaninsu, sai daga baya ta bayyana dukansu maza ne. Amma na Le Guin shi ya fi suna. Abin da na ke so in nuna shi ne, wannan matsayi nahawu ne ya ba shi, labarin kansa bai ba shi ba, kuma Bahaushe ya fi Bature saurin ganin haka.

Ga yadda labarin ya ke. An aiki wani baƙar fata, Genly Ai, jakada zuwa wata duniya mai tsananin sanyi, Gethen. Mutanen can ba maza ba ne, ba mata ba, ba kuma mata-maza ba ne yadda mu ke nufi da kalmar. Watansu kwana 26 ne, mafi yawansa kuwa jikinsu ba ya nuna jinsi ko sha'awa. Sai a 'yan kwanakin da su ke kira kemmer mutum ya kan zama namiji ko mace, ba da zaɓinsa ba, har wanda ya yi wa wani ciki bara ya iya ɗaukar ciki bana. Jakadan da ya ke namiji kullum, a wurinsu shi ne mai aibi. Mutum ɗaya ne ya gaskata saƙonsa, Estraven, wazirin ƙasar Karhide, aka kore shi daga ƙasa saboda haka. Shi ne ya fid da jakadan daga kurkuku a ƙasar Orgoreyn, su biyu suka ja kayansu bisa ƙanƙara fiye da kwana 80.

To, a nan maganar ta ke. Le Guin ta kira dukan mutanen Gethen da wakilin sunan namiji na Turanci, har ta sa wata mai bincike a cikin littafin ta ba da hanzari, cewa babu wani wakilin suna da ya dace, kuma ta san wannan zai riƙa mantar da ita cewa ba namiji ta ke kallo ba. Haka kuwa ya faru ga mai karatu. Yana ganin waziri da sarki da 'yan majalisa, duk “shi”, ba ya ganin Estraven da goyo ko a bakin murhu. Sa'ad da suka shiga ƙanƙara, shaƙuwa ta yi ƙarfi a cikin tanti, abin da ya ke zaune a zuciyarsa ƙauna ce tsakanin maza biyu, kuma da wannan ido masu karatu da yawa suka rungumi littafin.

Amma fa a duba abin da labarin ya yarda da shi. A kemmer, in ɗaya ya zama namiji, lalle ɗayan mace ce. Daren da lokacin Estraven ya zo, ba kowa kusa sai namiji, sai jikinsa ya karkata ga na mace, ya ce wa jakadan ba zai yiwu ya taɓa shi ba, ba su kuwa taɓa juna ba. A daren ne Genly ya gane abin da ya daɗe yana kau da kai daga gare shi, cewa abokin tafiyarsa mace ce kamar yadda ya ke namiji. Wurin nan shi ne mafi kyau a littafin, ban kuma ga laifin kamewar ba, domin ita ce ta ba ƙaunar nauyi. Sai dai ƙa'idar duniyar nan gaba ɗaya ta toshe hanyar jinsi ɗaya. Marubuciyar da kanta ta amsa haka. A 1976 ta rubuta maƙala tana kāre zaɓinta na wakilin suna. Daga baya ta sake fitar da maƙalar cikin wani littafinta na 1989, tana bin tsoffin maganganunta tana warwarewa, ta nuna nadamar “shi” ɗin, da kuma nadamar ɗaure mutanen Gethen a kan namiji da mace kaɗai ba tare da wani dalili ba. Sai a 1995, cikin gajeren labarin Coming of Age in Karhide, ta buɗe ƙofar da ta rufe.

Yanzu mu koma ga tambayar ɗalibaina. Turanci ba ya rarrabe jinsi sai a mutum na uku tilo, saboda haka in mutum biyu suna zance, babu abin da zai tona su. Hausa kuwa, kamar Larabci, tana rarrabewa har a mutum na biyu: kai da ke, ka zo da kin zo, naka da naki. Ga dirka, ne da ce. Ga wanda da wadda, dogo da doguwa. Ko kalmar zumuncin da ke tsakaninsu ba ta tsira ba, don namiji aboki gare shi, mace ƙawa. Abin da Le Guin ta zaɓa sau ɗaya ta wuce, mai fassara da Hausa sai ya sake zaɓensa a kowace jimla, har a tsakiyar tantin nan inda Turanci ya sami wurin ɓuya. Da Yarabanci ko Fulatanci ko Barbarci za a fassara, da ba a ji wannan wahala ba, domin wakilin sunansu ɗaya ne ga namiji da mace.

Akwai kuma inda Hausa ta ke kashe mamakin da aka shirya. Sarkin Karhide, Argaven, ya ɗauki ciki a cikin labarin, abin da Turawa suka fi tunawa ke nan. In muka ce sarki ya haihu, ba wanda zai ɗaga gira, don kullum muna cewa wane ya haifi 'ya'ya goma. Tilas a ambaci ciki ko naƙuda. A 1975 Le Guin ta gwada wata dabara, ta sake buga wani labarinta na Gethen, Winter's King, da wakilin sunan mace ga dukan mutanen Gethen, ta bar sarki a sarki. Ann Leckie ma ta kira kowa da na mace a Ancillary Justice na 2013. A Hausa “sarki ta ce” kuskuren ɗan koyo a ke jinsa, mai gyaran rubutu zai soke shi ya sa sarauniya, dabarar ta rushe.

Mun gwada hanyoyi biyu na kauce wa zaɓin. “Ku” na girmamawa ya zauna daram a fādar Argaven, amma a tanti ya nisanta mutum biyu da ke raba abinci ɗaya. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne lamirin nan da ba ya bayyana mai aiki, na “an dawo?” da “an tashi lafiya?”, wanda matar aure ta kan yi wa miji don alkunya. Ya dace da halin Estraven ƙwarai, mutum mai kawaici da tsare girma. Illarsa ita ce ba shi da siffar mallaka ko ta karɓau, da an zo “na gan shi” ko “hannunsa” sai ya ƙare.

Kada kuma a ɗauka Hausa ba ta taɓa sanin wakilin suna ya tsallake jinsin jiki ba. 'Yan daudu su kan kira juna “ke”, su ce “ta zo”, abin da Rudolf Gaudio ya yi nazarinsa a Kano cikin littafinsa na 2009. Saboda haka in mai fassara ya sa Genly ya kira waziri “ke” bayan an saba da shi a “shi”, kunnen Bahaushe ba Gethen zai tafi ba, wani wuri zai tafi da ya riga ya sani, da duk hukuncin da ya ke yi masa. In kuwa ya mai da Estraven “ita” tun daga shafin farko, ya sami labarin jakada da wata jaruma da ta cece shi, irin wanda ba a rasa ba a kasuwa.

Da muka koma aji na ce su bar “kai” da “shi” a dukan surorin da Genly ya ke ba da labari, domin makantarsa ce, marubuciyar kuwa ta gina littafin a kanta. A daren tanti kaɗai na yarda su yi amfani da “an”, iyakar inda zai kai su. Wata ɗaliba ta ce ashe ke nan mun ba mai karatun Hausa labarin maza biyu, fiye da yadda Turancin ya bayar. Na ce haka ne, ta rubuta wannan a gabatarwar fassararta.