Safar Hannu da Gashin Jimina: Nazari a Kan Sana'ar Burlesk ta Zamani

A wani ƙaramin gidan wasa na Niyok ko Landan, akan kashe fitilu a bar guda ɗaya tana haska dandamali. Mace ta fito cikin doguwar riga mai jan ƙasa, hannayenta sanye da safa har sama da gwiwar hannu. Kiɗa ya tashi, ita kuwa ko a jikinta. Ta kai yatsa ɗaya baki, ta ciji kan safar, ta ja kaɗan, sannan ta tsaya ta ƙura wa wani na sahun gaba ido har ya sunkuyar da kai, ɗaki ya ɓarke da dariya. Sai ta koma kan yatsa na biyu. Safar da kowa ke zarewa cikin ƙiftawar ido, ita sai ta ci kusan minti guda a kanta. Wanda ya fahimci wannan minti ya kama bakin zaren burlesk.

Gara in faɗi tun da wuri: wasan yakan ƙare da tuɓe mafi yawan tufafi a gaban jama'a, abin da addininmu da kunyarmu ba su yarda da shi ba, kuma ban ɗauki alƙalami don in ƙawata shi ba. Abin da ya ja ni shi ne tarihin wata fasahar zambo da kasuwa ta karkatar, da kuma matan da suke ƙoƙarin ƙwato ta yau da allura da zare.

Asalinsa zambo ne

Kalmar ta samo tushe daga "burla" ta Italiyanci, wato zolaya. A Ingila ta ƙarni na 19, burlesk wasa ne da ake ɗauko manyan wasannin masu ilimi da masu hannu da shuni a juya su su zama abin dariya. Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Ɗan kama yakan rataya gafaka ya buɗe tsofaffin takardu kamar malami, ya zuba wa'azi a kan tuwo da miya. A wasan gauta kuma matan gidan sarauta ne ke shigar sarki da hakimansa suna kwaikwayon halayensu. Irin wannan ruhin ne Lydia Thompson ta tsallaka teku da shi a 1868, lokacin da ta kai ayarin 'yan matanta na Ingila birnin Niyok da wasan Ixion. Ita ce ta fito a matsayin namiji, jarumin labarin, cikin gajeren tufafi, tana ba'a ga manya. Abin da ya tayar da ƙura a lokacin har da bakinta, domin mutane ba su saba ganin mace ta hau dandamali tana mayar wa maza magana ba.

Da silima da rediyo suka fara janye 'yan kallo, masu gidajen wasa irin su 'yan'uwan nan na gidan Minsky suka gano cewa tuɓe tufafi ya fi barkwanci kawo kuɗi. Zambo ya fara ja baya. Duk da haka taurarin zamanin ba su sake shi gaba ɗaya ba. Gypsy Rose Lee ta yi suna da zuba zance cikin harshen 'yan boko tana zolayar masu ji da kansu, abin da take bayyanawa na jiki kuwa kaɗan ne. Sally Rand ta girgiza baje-kolin duniya na Shikago a 1933 da manyan mafitai biyu na gashin jimina, gwanintarta ita ce saurin rufe abin da ido ke zaton zai gani. A 1937 gwamnatin magajin garin Niyok, Fiorello La Guardia, ta hana gidajen lasisi. Daga baya finafinan batsa da mashayun rawar tsiraici suka ƙarasa kashe kasuwar, tun da mai neman tsiraici zalla ba shi da haƙurin jiran safar hannu.

Daga gonar awaki

Tsofaffin 'yan wasan ne suka hana abin ɓacewa. Jennie Lee, wadda ta kafa ƙungiyar kare haƙƙin masu wannan rawa a 1955, ta yi shekaru tana tara riguna da hotuna, ta jibge su a wata tsohuwar gonar awaki a Helendale, cikin hamadar Kalifoniya. Da ta rasu a 1990, ƙawarta Dixie Evans, wadda ta yi suna da kwaikwayon Marilyn Monroe, ta riƙe wurin a matsayin gidan tarihi, ta kuma ɓullo da gasar shekara-shekara don jawo baƙi. A tsakiyar shekarun 1990 Michelle Carr ta kafa ayarin Velvet Hammer a Los Angeles, wasu matasa a Niyok suka kama nasu. A 2006 kayan tarihin suka koma Las Vegas, inda aka san cibiyar da sunan Burlesque Hall of Fame. A shekarar ne kuma Dita Von Teese, mai wasan wanka cikin ƙaton kofin gilashi, ta hau dandamalin Crazy Horse na birnin Faris a matsayin babbar baƙuwa.

Mutum ɗaya, sana'a biyar

Babban abin da ya raba 'yar wasan yau da ta zamanin Minsky shi ne wanda ke riƙe da ragama. A da mai gida ne ke zaɓar mata kiɗa da kaya. Yau yawanci ita ce mai tsara labari, ita ce tela, ita ke yanka kiɗa a kwamfuta, ita ke koya wa kanta taku, ita ke neman wurin da za a gayyace ta. Wasa ɗaya ba ya cika wuce minti uku zuwa biyar, amma shirinsa yakan ci watanni.

Ɗinkin ma nasu daban ne. Tela na gari yana ɗinka riga don ta zauna a jiki, ita kuwa tana ɗinka wadda za ta rabu da jiki daidai kan bugun ganga. Don haka ake ɓoye zif a gefe, a sa maɓallan da ke ɓallewa da ja ɗaya, wani lokaci har da maganaɗisu. Zif ɗaya ya cije, wasa ya lalace, sai dai gwana ta mayar da cijewar abin dariya. Duwatsun nan masu walƙiya da ke ɗauke ido, da hannu ake liƙa su, ɗaya bayan ɗaya, da gam da ɗan tsinke, dubbai a jikin riga guda. Dare ya raba, tana zaune a gaban tebur, wuya ya ƙage, yatsu sun yi kanta da busasshen gam. Mafitan gashin jimina kuwa suna buƙatar ƙarfin wuyan hannu kafin su yi laushi a ido. Mafi yawan gashin yau daga gonakin Oudtshoorn na Afirka ta Kudu yake fitowa, amma a ƙarni na 19 har daga Kano da Borno ayarin raƙuma ke kai shi Tarabulus, ya wuce kasuwannin ado na Turai. Gashin da ake yi wa sarki figini da shi ke nan.

Akwai makarantu, kamar wadda Jo Weldon ta kafa a Niyok, inda ake koyar da tafiya da sarrafa fuska da riƙon mafici. Sabuwar shiga takan fara da aikin da suke kira "kyanwar dandamali": ita ke bi tana tsince safa da rigar da aka jefar, ta mayar wa mai su. Daga nan take koyon ladabin bayan labule, har ranar da za ta zaɓi sunan wasa ta fito da kanta.

Sunan wasan nan garkuwa ne. Da yawansu da rana malaman makaranta ne ko ma'aikatan ofis ko na asibiti, kuma fallasa na iya cin aikin mutum ko ta raba shi da dangi. Dalilin riƙe aikin rana a fili yake: kuɗin riga ɗaya yakan cinye ladan darare da yawa, ga kuɗin mota da na hoto, sai ɗan tukuicin 'yan kallo ya cike gurbi. Irin su Dita Von Teese 'yan ƙalilan ne. Da annobar korona ta rufe gidajen wasa a 2020, masu dogaro da dandamali kaɗai suka wayi gari ba ko sisi.

Wa ake yi wa dariya?

Masu wasan suna cewa sun ƙwace iko da jikinsu. Hujjarsu tana da nauyi ta wani ɓangare. Sau da yawa mata ne suka fi cika ɗakin kallo. Dirty Martini, mace mai jiki wadda kamfanonin talla ba za su kalla ba, a 2004 ta lashe gasar da Dixie Evans ta kafa. Ana ganin masu furfura da masu naƙasa, har da maza. Masu suka kuma suna da tasu hujjar. Ariel Levy, a littafinta na 2005, ta soki yadda ake sayar wa mata tallar jiki da sunan 'yanci. Akwai kuma wariyar da ke cikin gida: an daɗe ba a ba baƙaƙen taurari irin su Jean Idelle da Toni Elling matsayin da ya dace da su ba, wasu 'yan wasa kuma sukan ɗauki suturar wata al'umma su mayar da ita kayan nishaɗi.

A ganina, ikon da suke magana a kai gaskiya ne muddin tana kan dandamali, inda ita ke yanke lokacin da ido zai gani da lokacin da zai jira. Da ta sauko, mai gidan wasa da mai ɗaukar hoto da kamfanonin intanet su ke da ta cewa, kuma hoton da ya fita ba ya tafiya da zambon da ya raka shi. Shi ya sa nake auna kowane wasa da tambaya ɗaya: wa ake yi wa dariya? Idan zolayar ta sauka a kan mai mulki ko mai kuɗi ko kwaɗayin mai kallo, jinin Lydia Thompson yana nan. Idan babu ita, an koma abin da Minsky ya sayar, sai dai da tsadar duwatsu.

Abu ɗaya da ba zan hana su yabo a kansa ba shi ne riƙon tsofaffinsu. A taronsu na shekara a Las Vegas akan ware dare guda ga tsofaffin taurarin sana'ar, a miƙe tsaye a yi musu tafi. Tempest Storm, wadda ta rasu a 2021 tana da shekara 93, ta ga wannan karramawa da idonta. Sana'ar da jama'arta suka daɗe suna ƙyama ta samu wadda ta tara mata tsummokaranta a gonar awaki har suka zama gidan tarihi. Mu kuwa da muke da zambo mai kaifi wanda bai buƙaci a tuɓe ko hula ba, gafakar ɗan kama da takobinsa na katako suna nan suna jiran wanda zai adana su kafin mai su na ƙarshe ya kwanta dama.