Bidiyon Yaranmu Na Saudiyya: Marsa A Sama, Sankara A Ƙasa

Ranar wata Lahadi bayan Isha'i ina naɗe tabarmin masallaci, sai na ga samari huɗu a baranda sun haɗa kai a kan waya guda, ko numfashin kirki ba sa yi. Na ce, "Ku kuma lafiya?" Ɗaya ya miƙo min ya ce, "Malam, duba ka ga yadda Allah ya yi da ɗan unguwarmu." Na duba. Yaro ne da aka yi sunansa a gabana, ga shi cikin farar jallabiya, ya yafa makawiya, ya jingina da wata doguwar mota a Jidda, ledar kazar Albaik a hannu, yana cewa wai duk wanda ke zaune a gida yana wahala shi ya so.

Da abin ya tsaya nan da na yi masa addu'a na wuce. To amma cikin huɗun nan akwai wanda ya tasa mahaifiyarsa a gaba sai ta sayar da injin markaɗenta ta biya masa ejan, kuma da injin nan take ciyar da marayu biyar. Shi ya sa na ce a turo min bidiyoyin duka. 'Yata ta jera min su, na zauna mako guda ina kallo, sun fi ashirin, na yara daban-daban.

Gaskiya sun iya. Sun iya magana, sun iya ban dariya, sun san inda za su tsaya haske ya dake su. Wanda ya ɗauki Harami da asuba kuwa, wallahi sai da na yi ƙwalla. Ba hassada nake ba, Allah ya ƙara musu buɗi.

Amma ni ɗan goro ne. Idan aka kwance min huhu na ga marsa jere a sama tana sheƙi, ba na biya sai na zura hannu ƙasa, don sankara ba ta zama a sama. Na zura hannu cikin bidiyoyin nan, ban taɓo ƙasa ba. In ka cire yaro ɗaya da zan zo kansa, babu wanda ya nuna inda yake kwana. Babu wanda ya ɗauki kansa yana aiki. Kullum ranar hutu ce, kullum dare ne, kullum bakin teku ne ko cikin babban kanti. Motar nan ta wane ne? Ba a faɗa ba. Wani yana buga albashinsa a waya yana mayar da riyal naira, yara suna ta ihu. To ai 'yan canjin Sabo sun fi kowa sanin riyal ba ta motsi, tun 1986 riyal 3.75 ce dala ɗaya, naira ce take zamewa. Ninkawa kowa ya iya. Ina debewa? Ina bashin ejan, ina abinci, ina katin waya, ina watan da maigida zai ce "bukra" har wata uku su wuce?

Ba ji na yi ba, zama na yi. A 1997 na je Umra na maƙale, Allah ya yafe mana, kuma ba na ba kowa shawarar haka. Shekara huɗu na yi a Jidda, a Karantina nake kwana, mu tara a ɗaki, ina dakon kwali a wani shago ta wajen Bab Sharif. Kuma abin da ya fi ba ni haushi da bidiyon yaran nan shi ne, zaman can cike yake da labari mai daɗi, amma sun bar shi sun tafi jingina da motar mutane. Makona na farko na je sayen tamis, burodin nan mai faɗi da ake gasawa a tanderu. Na tattaro Larabcin Islamiyya kaf, da wasali da tanwini, na zuba wa mai burodi. Mutumin ya tsaya da cokalin wake a hannu ya dube ni, ya ce Shehi huɗuba zan yi ko burodi zan saya? Aka yi ta dariya har da ni. Ranar na san ruwan da muka karanta "ma'u" a can "moya" suke ce masa. Akwai ranar da aka ce ga masu kame nan, na faɗa cikin kwalin injin wanki na yi kusan awa biyu, ashe motar kwasar shara ce ta tsaya. Akwai wata tsohuwa Bahaushiya a Makka, ta wajen Shara Mansur, a can aka haife ta ba ta taɓa ganin Najeriya ba, amma ta yi min wani karin magana da tun rasuwar kakata ban sake ji ba. Wannan shi ne zaman baƙunta. Ƙarshe kuma da safe aka tsince ni a hanyar sayen tamis ɗin nan dai, da silifas da riyal biyu. Daga gidan tarhil sai jirgi, na sauka Kano da leda a hannu, kuɗin aikina na wata uku yana wurin mai shago har yau.

Yara za su ce, "Malam ai wancan zamanin takari ne, mu da bizar aiki za mu." Madalla, ya fi. To sai a faɗa musu mece ce bizar aiki. Igamarka a hannun kafili take rataye, wato wanda ya ɗauko ka. In kuka saɓa ka bar masa aiki, yana iya kai rahoton ka gudu, abin da suke kira hurub, kana iya komawa ɗan ɓuya kamar yadda na yi. A watan Maris na 2021 hukumar can ta sassauta, ma'aikaci na iya sauya wurin aiki bisa sharuɗɗa, amma sassaucin bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya da masu aikin gona ba. Ku duba da kyau, waɗanne ayyuka ejan yake kawo mana Sabo? Su ɗin ne. Wanda aka kama kuma yanzu hoton yatsunsa ake ɗauka, ba irin na da ba ne da mutum zai canza fasfo ya koma. Ita Karantina ma da take rufa wa irinmu asiri, tana cikin unguwannin Jidda da aka rushe daga ƙarshen 2021 zuwa 2022. Sai batun "kullum kana Harami". Wanda aka kai Riyad tsakaninsa da Makka kusan kilomita 900 ne. Mazaunin ƙasar ba ya Hajji sai da takardar izini, ita ma sau ɗaya a shekara biyar. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ban ji a bakin masu jallabiya ba. Batun 'yan mata da ake kaiwa aikatau kuwa ban ma taɓa shi ba, wannan zama ne na daban, da iyaye mata a wurin.

Yanzu yaron nan ɗaya. Ɗan wani tela ne a nan bayanmu, yana wanke-wanke a gidan abinci a Riyad. Bidiyonsa ba su da masu kallo sosai, kuma su ne na fi so. Ya nuna ɗakinsu, gadaje masu hawa biyu, igiyar shanya ta ratsa tsakiya. Ya nuna yadda ya tuƙa tuwo da garin samo a kan ƙaramin risho, da kukar da wani alhaji ya kai masa, yana ci yana cewa daddawa ta ƙare. Ya ba da labarin ranar da ya shiga sabon jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a Disambar 2024, ya ɓata, ya yi ta kai da komo har aka yanke masa kuɗin rabin yini. Ya ba da na sanyin Riyad, shi da ya tafi ba ko rigar sanyi don an ce masa ƙasar rana ce. Akwai rigimarsa da wani ɗan Bangaladash kan na'urar sanyaya ɗaki, kowa da yarensa, hannu ne kawai ke magana. Ranar Sallah kuma ya kunna waya ya ce barka da Sallah, sai ya yi shiru, ya kashe. Wanda ya kalli wannan ya ce har yanzu zai je, to ya san abin da ya saya.

Shi ma ina da gyara gare shi. Ya daina ɗaukar abokan aikinsa suna barci, mutum yana da haƙƙi ko ba ya jin Hausa. Kiɗan nan da yake sawa yana danne maganarsa, ya cire. Kuma har yau bai faɗi nawa ya biya ejan ba, da wata nawa ya yi kafin ya fita daga bashin. Ɗana, wannan shi ne ƙasan huhun, ka buɗe shi.

Kada kuma mu manya mu wanke hannunmu. Sabo tun 1916 take, duk cikinmu ko baƙo ne ko ɗan baƙo. Wane ne bai san mai zuwa gida Arewa da Sallah da babbar riga ta aro ba, ya yi ta rabon kuɗi kwana uku, yaran ƙauye su biyo shi Kurmi, su ƙare da kwana a kan buhu a Bodija suna tura baro? Waya ce kawai sabuwa. Abin da ya faru a Sasa a Fabrairun 2021 ma ya ishe mu sanin cewa zaman garin wani ba a ba da rabin labarinsa.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya kai babin ciniki a Risala ya san ɓoye aibin kaya bai halatta ba. Yaro zai ce ai ni ba na sayar da komai, nishaɗi nake. To biyu daga cikin bidiyoyin nan da lambar ejan suka ƙare, har da "ka ce ni na turo ka". Wannan sunansa dillanci, kuma a kasuwar goro in kaya suka fito da sankara, dillali ake fara nema kafin mai kaya.

Na je na samu mahaifiyar yaron can. Na ce, "Hajiya, ban ce kada ya je ba, neman halal ba laifi ba ne." Muka tsaya a kan ba za a taɓa inji ba sai ejan ya kawo takardar kwantiragi, an karanta ta a gaban mutum biyu, an ga wane aiki ne, wane gari ne, nawa ne, kuma wa zai biya kuɗin dawowa. Duk mai irin wannan takarda yana iya samuna a rumfa bayan Azahar, abin da ya fi ƙarfin Larabcina mu kai wa wanda ya fi ni. Shi kuma mai doguwar mota na sa an aika masa saƙo, na ce Baba Liman yana gaishe shi, yana roƙon ya ɗauko mana ɗakin da yake kwana ko na minti ɗaya ne. Ya turo hoton fuska mai dariya. Yau kwana goma sha ɗaya, ejan bai kawo takarda ba, shi ma bai turo ɗaki ba.