Gibin Ring: Kariya ga Masu Haɗa Inji a Karaye da Rogo

Zargi biyu ake yi wa bakaniken da ke ƙara wa inji ƙarfi a ƙasar Karaye da Rogo, kuma masu zargin ba sa ga maciji da juna. Dattawa suna cewa shi ke ɗaure wa ganganci gindi, tunda da injin da ya gyara samari ke wasan babur da na mota ranar biki, a karairaye, wani lokaci har a rasa rai. Samarin birni kuwa, waɗanda suka ƙoshi da bidiyon tseren Dubai da Amurka a waya, cewa suke bai iya komai ba, wai injin da babu turbo ko iskar naitiros a jikinsa ba abin a tsaya magana a kansa ba ne. Zargin farko ba ya buƙatar doguwar amsa. Wanda ya yi tsere a tsakiyar jama'a hukuma ta kama shi, kuma yaron da ya fasa salansa don unguwa ta ji wucewarsa ba bakanike ba ne, mai neman suna ne. Na biyun ne ya cancanci a zauna masa, domin yana da kamar gaskiya.

Babu filin tseren mota a Karaye, babu a Rogo. Amma sana'ar matse ƙarfi daga inji ba tare da an kashe shi ba ta daɗe a nan. Fijo 504 ce ta raini ubangidan yawancin bakaniken yau, tun da kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975. A wannan shekarar ce kuma Ove Andersson ɗan Suwidin ya ci tseren Safari na Kenya, mai nisan sama da kilomita 5,000, da 504 wadda babu turbo a cikinta, a kan hanyar ƙura da taɓo irin tamu. Bayan Fijo sai Golf da Sharon 'yan gwanjo suka karɓe tasha. Da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a cikin birni a Janairun 2013, babura suka ƙara kwararowa karkara, Jincheng da Bajaj Boxer. Ga injinan ban ruwa na masu noman rani a gefen madatsar Challawa, wadda aka kammala a 1992. Hannu ɗaya ne ke kwance duk waɗannan. Tserensu kuwa kowace ranar kasuwa ake yinsa: Golf ɗauke da mutane da buhunan masara, Boxer mai ƙarfin doki takwas ko makamancin haka ɗauke da abin da masu ƙera shi a Indiya ba su taɓa lissafawa ba, a tafi a dawo, gobe ma a sake.

Inji dai mai shaƙar iska ne. Gwargwadon iskar da ya zuƙa, gwargwadon man da zai iya ƙonawa, gwargwadon ƙarfinsa. Hanya biyu ce ta ƙara masa. Ko dai a buɗe masa numfashi, a gyara bawul da mashigar iska, a ƙara matsi, a bar shi ya yi juyi da sauri, ko kuma a ɗura masa iskar da ƙarfin tsiya. Turbo, wanda Alfred Büchi ɗan Suwizalan ya yi wa rajista a 1905, hayaƙin salansa ke juya shi. Sufacaja bel ke jan ta. Naitiros kuma iska ce a kwalba mai ɗauke da iskar oksijin kashi 36 cikin ɗari na nauyinta, alhali wadda muke shaƙa kashi 23 take da shi.

Ba wanda ke musun cewa ɗurin yana kawo ƙarfi. Abin da 'yan bidiyo ba sa faɗa shi ne kuɗin da ake biya. Da Renault ta shigo da turbo tseren Formula 1 a 1977, motar ta riƙa tsayawa tana tuƙuƙin hayaƙi har Turawan Ingila suka laƙaba mata butar shayi, kuma sai 1979 ta ci tserenta na farko a Dijon. A tsakiyar shekarun 1980 injin BMW mai lita ɗaya da rabi ya haura ƙarfin doki 1,000 a zagayen neman gurbi, amma bayan 'yan zagaye kaɗan sauke shi ake yi. Motocin Top Fuel na Amurka suna kai wa doki 11,000, suna cinye mita 305 cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu, sannan a kwance injin ɗungurungum bayan kowane gudu. A ɗaya ɓangaren ga injin Cosworth DFV na Keith Duckworth, lita uku, doki 400 da 'yan kai a farkonsa, ba a ɗura masa komai ba. Ya ci tseren da ya fara shiga a 1967, ya ci gaba da ci har 1983, nasara 155. Ni a nan zuciyata take, kuma ba na ɓoyewa.

Sai a ɗora yanayinmu a kai. Zafin watan Afrilu yana kai digiri 40 a inuwa. Hunturu yana zuwa da ƙurar da ke cin fuka-fukan turbo masu juyi sama da sau 100,000 a minti. Ma'aunin fetur ɗinmu a hukumance oktan 91 ne, wannan ma idan an saye shi a gidan mai na kirki, ba a galan ɗin bakin hanya ba. Iska mai zafi, matsi mai yawa da mai maras ƙarfi, su ukun nan in suka haɗu man yakan fashe da kansa maimakon ya ƙone a hankali, inji ya dinga ƙwanƙwasa, fistin ya huje.

Duk wannan shimfiɗa ce. Inda ake gane gwani shi ne wani ɗan gibi da ido da ƙyar ke gani.

Ring ɗin fistin ba cikakken zobe ba ne, a yanke yake, bakinsa biyu suna fuskantar juna. Mai gaggawa yana ganin gibin nan asara ne, tunda ta nan matsi ke tserewa, don haka in ya sami ring da ya shiga silinda baki ya kusa haɗe baki sai ya yi murna. A lissafa a gani. Silindar Golf mai lita 1.8 faɗinta milimita 81 ne, kewayen ring ɗinta ya kai milimita 254. Ring na sama shi ke maƙwabtaka da wuta, ya fi bangon silinda zafi domin bangon yana da ruwan lagireto a bayansa. In ya fi bangon zafi da digiri 100, ƙarfen zai miƙe da kusan milimita 0.28. Shi ya sa ƙa'idar da masu haɗa injin tsere ke bi take cewa a bar kashi huɗu cikin dubu na faɗin silinda, wato kamar milimita 0.32 a wannan Golf ɗin, kaurin reza uku in aka haɗa su. A injin Boxer kamar 0.2 ne.

To, a ɗaura wa wannan Golf ɗin turbo, ko a fesa mata naitiros. Wuta ta ƙaru, ring ya ƙara miƙewa, gibin da ya isa jiya yau ya rufe. Bakin ring biyu suka haɗu, babu wurin zuwa, sai ring ya turo bango. Baƙin mai ya yanke, silinda ta karce, gefen kan fistin ya ɓalle. A nan ne direba zai ce inji ya buga, a ɗora laifi a kan turbo ko a kan mai sayar da kayan gyara a kasuwar Ƙofar Ruwa, alhali tun ranar haɗi aka yanke wa injin hukunci. Injin ɗuri yana son kashi shida cikin dubu ko fiye, kusan rabin milimita a Golf. Wato hatta turbo ɗin da ake taƙama da shi, rayuwarsa tana hannun mai riƙe da magagari.

A dubi yadda gwani ke yi. Ba ya amincewa da abin da aka rubuta a kwali. Ring ɗaya-ɗaya yake ɗauka ya sa a silindar da zai zauna a ciki, domin bayan an yi ribo ba lallai silinda huɗu su zo daidai da juna ba. Yakan juya fistin ya tura ring ɗin ƙasa da shi don ya zauna a miƙe, in ya karkace awon ƙarya zai bayar. A tsohuwar silinda yakan auna can ƙasa inda ba ta cinye ba, tunda nan ne ta fi matsewa. In gibin ya yi kaɗan sai ya goga baki ɗaya tak, yana jan magagari daga waje zuwa ciki don kada rufin fuskar ring ya ɓare, ya goga sau uku ko huɗu ya mayar ya sake aunawa. Abin da aka goge ba ya dawowa. Sannan ya share kaifin bakin don kada ya karce bango. Ring na biyu yakan bar masa gibi ɗan fi na farko, domin iskar da ta tsere wa na sama ta sami hanya, kada ta taru tsakaninsu ta ɗaga na saman daga mazauninsa. Wannan na ƙarshen ma masana sun daɗe suna koyar da akasinsa kafin su dawo kansa. Aikin yana cin rabin yini a inji mai silinda huɗu, mai mota yana tsaye yana duba agogo yana cewa, “Oga, don Allah a ɗaure mu tafi, gobe kasuwa.” Bakaniken da ya iya ce masa “Alhaji, yi haƙuri” shi nake karewa.

Kada a ce na wanke hanyar da babu ɗuri tas. Ita ma tana da nata ramin. Ƙarfinta a yawan juyi yake, kuma nauyin da ke kan kwanrod yana ninkuwa huɗu duk lokacin da juyi ya ninka biyu. Injin da aka saba tsayar da shi a 6,000 in aka kai shi 7,500, an ƙara wa kwanrod da kusoshinsa fiye da rabin nauyin da suke ɗauka. Haka nan Toyota 2JZ na Supra, da bulok ɗinsa na baƙin ƙarfe, ya nuna cewa inji mai turbo yana iya daɗewa, kuma DAF da Howo da ke jigilar hatsi duk da turbo suke tafiya shekara da shekaru. Sai dai waɗannan tun daga masana'anta aka gina su don ɗuri. Volkswagen kanta, daga dangin injin Golf ɗin nan mai lita 1.8 da doki 90, ta fitar da doki 150 a Golf GTI mai lita biyu da bawul 16 ba tare da turbo ba. Numfashi ta buɗe masa, ta ɗan ƙara masa girma.

Garejinmu ma suna da halayen da ba zan kare ba. Cire tamostat da sunan maganin zafi, inji ya wuni bai kai zafin da aka auna gibinsa a kai ba. Jefar da matatar iska don babur ya “buɗe”, a ƙasar da ƙura ke rufe rana. Kankare top silinda sau biyu sau uku ba tare da an lissafa matsin da aka ƙara ba. Ɗaure kusoshin top da ƙarfin damtse da bututu. Amma a lura, duk waɗannan cuta ɗaya ce, yin aiki da ƙiyasi inda ake buƙatar awo. Kunnen bakanikenmu yana da kyau, yakan bambance kukan metal da na bawul daga nesa. Kunne dai ba ya jin bambancin milimita 0.3 da 0.5, kuma tsakanin metal da karanshaf abin ya fi haka siranta, kashi ɗaya cikin dubu na kaurin ƙarfen.

Saboda haka in ana maganar ciyar da sana'ar nan gaba, a daina fara ta da kayan da za a yo oda daga Dubai. Filageji, maikiromita da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, su uku ba su kai kuɗin turbo ɗaya na gwanjo ba. Reshen ƙungiyar makanikai ta NATA a kowace ƙaramar hukuma zai iya ajiye saiti guda ana aro, kamar yadda ake aron jek da sarƙar sauke inji. Ranar yaye yaro kuma, kafin a miƙa masa akwatin sifanu a yi addu'a, ubangidansa ya ajiye masa bulok da ring huɗu a gaban mutane, ya auna, ya goga, ya faɗi lambar kowace silinda da bakinsa.