Farin Ƙarfen Da Tsatsa Ta Haƙura Da Shi

Ni kam na daɗe da zaɓar gwanina, kuma ba na jin kunyar faɗa a gaban kowa: a duk ƙarafan da ke shigowa shagon walda, daga rodi da angil da fayif har kwanon rufi, babu wanda ya kwanta mini a rai irin fallen sitenles marar kauri. Ba jibgegen da ake tankunan masana'anta da shi nake nufi ba. Ɗan madaidaicin nan nake magana, daga rabin milimita zuwa milimita ɗaya da 'yar ɗoriya, wanda almakashi yake ci, guduma take lanƙwasawa, ga santsi, ga sheƙi, ga tauri, ga tsabta, ga wani amo mai daɗi da yake yi in ka ɗaga shi ya karkaɗa. Ku da kuka taɓa ɓare ledar da ke manne a jikin sabon falle, hasken nan ya faso muku, kun san abin da nake ji. Har ka ji tausayin sa masa almakashi.

Mata sun riga mu gane darajarsa. Kwanukan silba da kofuna da farantan da ake jerawa a ɗakin amarya yawancinsu wannan ƙarfen ne, kuma sai a haifi 'ya'ya, su girma, a aurar da su, kwanon yana nan yana walƙiya. Mu masu walda ne muka makara, muka tsaya muna ta shafa wa baƙin ƙarfe jan fenti duk shekara, damina tana zuwa tana wanke mana wahalarmu.

Sirrinsa sinadarin kuromiyom ne. Sai ƙarfe ya ƙunshi aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari na wannan sinadari kafin a sa shi cikin dangin sitenles. Da ya haɗu da iska sai ya yi wa fuskar ƙarfen wani lulluɓi da ido ba ya gani, ruwa kuma ba ya ratsawa. Abin da ya fi burge ni shi ne ko ka karce shi, ko ka yanka, ko ka goge da giranda, lulluɓin yana sake rufe wurin da kansa, ba tare da ka sayi ko gwangwanin fenti ɗaya ba. Galbanaiz ba ya haka. In tutiyar da aka shafa masa ta cinye, to sai dai a yi masa addu'a. Harry Brearley, wani mutumin Sheffield ta ƙasar Ingila, shi ya narka irin sitenles ɗin a shekarar 1913, yana neman ƙarfen da zai hana bakin bindiga saurin cinyewa, sai abin ya ƙare a wuƙaƙen cin abinci. An fita neman kayan yaƙi an dawo da wuƙar yanka albasa. Ni dai na ce gara haka! A 1924 W. H. Hatfield ya fito da haɗin nan na kuromiyom kashi 18 da nikel kashi 8, wanda muke kira 304 a yau. Da irin wannan haɗin aka lulluɓe ƙololuwar benen Chrysler na birnin New York da aka gama a 1930, kuma har gobe yana ɗaukar ido.

Mu ba bene za mu gina a garinmu Kiyako ba, amma aikin da yake jiransa a nan ya fi na can muhimmanci a wurina. Ku dubi teburin mahauci ranar kasuwa, a Birnin Kudu ne ko a Sara. Katako ne, yana shan jini da kitse shekara da shekaru, ana kankarewa da wuƙa, ƙuda na biki. Ɗauki falle mai kaurin milimita 0.6, ka shimfiɗa a kai, ka naɗe gefensa ta ƙasa don kada ya yanki kowa, ka kama da ƙusoshi ta ciki, ka bar gungumen sara daban a gefe. Shi ke nan. Ruwa da omo da tsumma, tebur ya koma sabo, naman ma sai ka ga ya ƙara kyau a ido. Haka teburin mai shayi, haka na mai tsire, haka akwatin gilashin mai gurasa. Wanda aka yi wa sau ɗaya, shi zai turo maka maƙwabcinsa.

Inda nake jin daɗinsa ƙwarai kuwa shi ne injin markaɗe. Mazubin injin da bakin da markaɗe ke fitowa galibi baƙin ƙarfe ne da fenti, kuma tumatir da attarugu da jiƙaƙƙen wake ba sa raga musu. Fenti ya ɓamɓare, tsatsa ta biyo baya, duk a cikin miyar mutane. Ka cire su ka ƙera sababbi da falle mai kaurin 0.8 ko milimita ɗaya, ka ga yadda markaɗe ke zamewa sumul, babu maƙalewa, babu baƙi-baƙi, a ɗauraye da kofi biyu na ruwa a ci gaba. Kada dai mu yaudari kanmu, faifan niƙan da ke ciki yana nan da halinsa na gogewa, falle ba zai magance wannan ba. Amma rabin matsalar ya tafi. Masu zoɓo da kunun tsamiya da nono su ma gwanina ne maganinsu, domin tsami yana taɓa alminiyom, shi kuwa sitenles mai kyau ko a jikinsa. Duk wanda ya nemi rajistar NAFDAC don yogot ko ruwan leda ya san cewa kayan sitenles ake son gani a inda abinci ke bi.

Ga sauƙin ɗauka kuma. Cikakken falle ƙafa 4 ne da ƙafa 8. Mai milimita ɗaya nauyinsa bai cika kilo 24 ba, mai rabin milimita kuwa wajen kilo 12 ne, kuma shi wannan ana naɗe shi a ɗaure da igiya. Ka saya a Kano, inda kasuwar Ƙofar Ruwa ta zama gidan ƙarfe, ka sa a bayan mota, ta Wudil har gida. Akwai mai dishi-dishi da suke ce wa 2B, akwai mai layi-layi, akwai mai madubi. Mai madubin nan kyakkyawa ne na ƙarshe, sai dai ɗan gata ne, ko yatsa ka ɗora sai ya nuna. Ni 2B nake so a wurin aiki. Ba ya fahariya.

Sai langalangarsa, wadda na ga mutane suna rainawa har suna zubar da ragowar yanka a bola. Haba jama'a! Wannan siririyar ɗamarar ita ce rabin gyara. Da ita ake ɗaure tiyo a bakin injin ban ruwa ba ta ruɓe a cikin laka ba. Da ita ake kama allo a jikin turke, a kama waya da fayif a ƙarƙashin faifan sola na rijiyar burtsatse. Salansar babur ta huje, ka naɗa mata 'yar faci ka ɗaure tam. Boris ya yi lako-lako a gidansa, ka yanko 'yar siririya ka yi masa ciko ya zauna daram, injin niƙa ya ci gaba da neman abinci kafin a samo sabo. Har abin kankare kaskon suya ana yi da ita. Ni akwai gwangwanin da na ware, duk guntun da ya kai tsawon yatsa a ciki yake kwana, kuma yaran shago sun san dokar.

To, masoyi ma yana da ƙorafi. Na farko tsada, kuma tsadar da dalili: daga waje ake shigo da shi, fiye da rabin sitenles ɗin duniya ƙasar Sin ce ke yin sa, saboda haka duk lokacin da dala ta yi tsalle shi ma sai ya bi ta. Kamfanin ƙarfe na Ajaokuta da aka ba da kwangilarsa tun 1979 har yau bai tsaya da ƙafafunsa ba, balle mu yi mafarkin namu na gida. Na biyu kuma ya fi ciwo, shi ne sayar da 201 da sunan 304. A ido tagwaye ne. Amma 201 an rage masa nikel an cika da manganis, ya fi arha, kuma in ya daɗe a cikin danshi da gishiri sai ka ga ɗigo-ɗigon ja sun feso. Wani dillali zai ɗauko maganaɗisu ya manna ya ce, "Duba, Alhaji, bai kama ba, orijinal ne." Gaskiya bai kama ba, amma ai 201 ma ba ya kamawa! Wanda maganaɗisu ke kamawa sosai shi ne 430, wanda babu nikel a cikinsa, kuma shi ma ba jabu ba ne, yana da aikinsa a busasshen wuri. Akwai ruwan gwaji a 'yar kwalba, in an ɗiga a kan 201 yakan yi ja nan da nan. Ya cancanci kuɗinsa. Shi kuwa 316, mai ƙarin molibdenom, na bakin teku ne da masu harka da sinadarai. Mu da teku sai a talabijin, 304 ya ishe mu.

Walda ita ce inda yake gwada haƙurin mutum. Zafi ba ya saurin bazuwa a jikinsa, yana taruwa ne wuri ɗaya, kuma ya fi baƙin ƙarfe buɗewa in ya ji wuta. Ka ba shi wutar da ka saba ba angil, nan take ya huje, ko ya kanannaɗe kamar ganda a garwashi. Yaro zai juyo ya ce, "Maigida, wannan ƙarfen ba ya jin magana." Yana ji, rarrashi yake so. Rage wuta, ɗiga nan, tsallaka can, bar shi ya huce, in da hali ka sa masa guntun jan ƙarfe a baya ya kwashe zafin. Sandar 308 ce tasa, in kuma za ka haɗa shi da baƙin ƙarfe, 309. Mai injin agon shi ya more, ɗinkinsa yakan fito siriri, lafiyayye, da launin zinare da shuɗi, har ka ƙi gogewa. Wanda ba shi da shi kada ya damu: a kan falle marar kauri, ribit da naɗin gefe irin na masu ƙera bokiti sun fi walda tsabta sau da yawa. Hayaƙin waldarsa kuma ba na shaƙa ba ne, a yi ta a fili inda iska ke kaɗawa. Wajen huda, sannu da dannawa da ɗan mai. In ka bar dirila tana gudu a banza, wurin taurarewa yake yi, bakin dirilar ya ƙone. Gefensa kuwa reza ne, a sa safar hannu.

Abu biyu yake ƙi, a kiyaye masa su. Kada a goge shi da dutsen giranda ko burushin waya da aka yi aikin baƙin ƙarfe da su, domin garin ƙarfen da zai maƙale shi ke yin tsatsa, sai a zo ana zagin wanda bai ji ba bai gani ba. Kada kuma a bar ruwan bilic ko ruwan gishiri ya kwana a kansa. A gaya wa mai kayan tun ranar da zai karɓa.

Hukuncina a fili yake. Ƙofa da taga da keji a bar wa baƙin ƙarfe, nan gidansa ne. Amma duk inda abinci ko ruwan sha zai taɓa, a sa 304, mai kaurin 0.6 zuwa milimita ɗaya. 'Yan'uwa masu walda na Kiyako da Birnin Kudu da Gwaram, in kuɗin cikakken falle ya yi wa mutum ɗaya nauyi, ku haɗa ku biyu ko uku ku saya ku raba, ku fara da mazubin injin markaɗen unguwarku.