Hoton Yaro da Ungulu

A cikin watan Maris na 1993 wani mai ɗaukar hoto, mutumin Afirka ta Kudu, ana ce da shi Kevin Carter, ya sauka Ayod, wani gari a kudancin Sudan, sa'ad da yunwa ta yi tsanani. Can ya ɗauki hoton wani yaro wanda tamowa ta rame shi ƙwarai, ya durƙushe, goshinsa a ƙasa, ga ungulu a bayansa tana fako. Jaridar New York Times ta Amurka ta buga hoton ran 26 ga Maris, a 1994 kuwa aka ba Carter kyautar Pulitzer dominsa.

Babu shakka hoton ya yi aikinsa. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Mutanen da ake ta karanta musu lissafin mamata ba su motsa ba, da suka ga yaron nan guda sai hankalinsu ya tashi. Ko wanda bai iya karatu ba, in ya duba zai fahimta, gama kowa ya san ungulu ba ta jewar banza.

Amma fa hoton yana da aibu uku. Na fari, bai nuna mafarin masifar ba. Mai kallo zai ga ƙasa busasshiya, ya zaci fari ne kurum, alhali kuwa yaƙin basasa ne ya kori mutane daga gonakinsu, aka kwashe musu shanu, musamman bayan da 'yan tawayen kudu suka rabu biyu a 1991. Wanda ya ɗora wa sama laifi, ai ya wanke masu bindiga.

Na biyu, ya nuna yaron shi kaɗai, sai ka ce ba shi da kowa. Nan kusa kuwa akwai wurin ciyar da mayunwata, har a hannunsa ga abin hannu na roba, shaidar an riga an rubuta shi can. Hoton ya fitar da ungulu fili, ya ɓoye masu dama madara, watau waɗanda ke ba irin yaran nan abinci kaɗan kaɗan, domin cikin da ya daɗe da yunwa ba ya ɗaukar tuwo farat ɗaya.

Na uku, ya yanke wa yaron hukuncin mutuwa tun kwanansa bai ƙare ba. Duniya ta ɗauka yarinya ce, ta kuma mutu. Sai a 2011 jaridar El Mundo ta Sifen ta sami ubansa, ya ce namiji ne, ya tsira daga yunwar, zazzaɓi ne ya yi ajalinsa wajen 2007.

Mutane da yawa sun zargi Carter, suka ce ya tsaya ɗaukar hoto maimakon ya ɗauki yaro. Shi kuwa ya ce ya kori ungulun. Bai daɗe ba ya kashe kansa, a watan Yuli na 1994, yana da shekara 33. To, zargin mutum guda abu ne mai sauƙi, ga shi ba ya cika wa kowa ƙwarya. Abin da ya kamaci mai kallo shi ne ya tambayi wanda ya kawo yunwar, da wanda ya tare hanyar abinci, da dalilin da ya sa taimako bai isa ba sai da yara suka kai ga wannan hali. Hoton ya iya sa kuka, amma bai amsa ko ɗaya daga cikinsu ba. Allah ya kiyashe mu da yunwa, amin.