Jinya Ba Sharaɗi: Nazari Kan Ƙauna a Al'adar Asibitocin Mishan a Ƙasar Kano

Ɗambatta ƙasa ce ta noma da kiwo, gona na bin gona, ƙauye na hangen ƙauye, tun daga madatsar ruwa ta Tomas har iyakar Kazaure. Mutanenta galibi Musulmi ne, Kirista ƙalilan ne a cikinsu. Duk da haka, in yana ta rufe wa dattijo ido a ɗaya daga ƙauyukan nan, cikin wuraren da 'ya'yansa za su fara ambata har da asibitin ido na ECWA da ke Kano. A sa shi a mota, a yi masa aiki, ya dawo gida ya shiga sahun da ya saba. Ba wanda yake ganin ya taɓa addininsa, shi ma bai ga haka ba.

Wannan amana ba a dare ɗaya aka gina ta ba. Tana da tarihi, tarihin kuma yana da haske da tabo. Abin da nake so mu auna shi ne al'adar jinya da Kirista suka kafa a ƙasar Hausa, mu ɗora ta bisa ma'aunin da addinin da kansa ya kafa. Hujjata ɗaya ce: ƙaunar da Yesu Almasihu ya koyar ita ce wadda ba ta jiran a biya ta, ko da biyan ya zama shiga addinin mai bayarwa ne.

Abin da Littafi ya shimfiɗa

Wurare uku a Littafi Mai Tsarki sun isa su nuna tushen al'amarin. A farkon Bisharar Markus, wani mai kuturta ya roƙi Yesu waraka. Dokar Yahudawa ta ware irin wannan mutum daga jama'a, amma kafin komai sai Yesu ya kai hannu jikinsa. A sura ta 10 ta Luka akwai labarin Basamariyen da ya tsinci mutum kwance a hanya, 'yan fashi sun yi masa jina-jina. Tsakanin Samariyawa da Yahudawa akwai gaba ta kaka da kakanni. Ya ɗaure masa raunuka, ya kai shi masauki, ya biya kuɗi, ya kama gabansa. Labarin bai ce ya tsaya jin godiya ba, balle ya tambayi mutumin inda yake sujada.

Na uku ya fi su kaifi. A sura ta 17 ta Luka, mutum goma masu kuturta suka warke, ɗaya tak ya komo ya yi godiya. Yesu ya tambayi inda sauran suke, amma bai janye lafiyar da suka samu ba. Tara sun tafi da lafiyarsu. Manzo Bulus kuma, a sura ta 13 ta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, ya nuna cewa mutum na iya rabar da dukiyarsa kaf ya tashi a tutar babu, muddin ba ƙauna ce ta motsa shi ba. Ashe ba yawan kyauta ake dubawa ba, abin da ke bayanta ake dubawa.

Yadda jinya ta buɗe ƙofar da wa'azi ya kasa

A 1900 Bishop Tugwell da Likita Walter Miller suka iso Kano, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ɓata lokaci ba. Bayan Turawa sun ci ƙasar a 1903, su ma ba su sakar wa 'yan mishan mara ba a masarautun Musulmi, don gudun ɓata tsakaninsu da sarakuna. Miller ya zauna a Zariya daga 1905, an kammala fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, amma karkarar Kano ta daɗe a rufe.

Kuturta ce ta sauya lissafi. Cutar ta yi yawa, En'e ba ta da isassun ma'aikatan da za su zauna da masu ita. A 1937 aka miƙa wa mishan ɗin SIM kula da zangon masu kuturta na Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero ke nan da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. A 1943 Likita Douglas Hursh ya buɗe asibitin ido na Kano. Tashoshin mishan suka bazu a karkara, irin su Kabo da Ƙaraye da Roni ta ƙasar Kazaure, maƙwabciyar Ɗambatta. A Nijar ma aka buɗe asibitin Galmi a 1950. Cocin ECWA, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1954, daga mishan ɗin SIM ta fito.

Kada a ɗauka tausayi baƙo ne da ya zo a jirgi. Bahaushe ya san zakka da sadaka da ciyar da mabukaci tun fil azal. Masu kuturta suna da sarkinsu a garuruwa, ana ba su sadaka ranar Juma'a, ba a kore su daga kasuwa ba. Abin da jinyar mishan ta ƙara shi ne zama da ciwon kansa, kullum, da hannu.

A gaban kwanon wanki

Sai an matso kusa ake gane nauyin aikin. Kuturta na kashe jijiyoyin ji. Mace za ta sauke tukunya daga murhu, yatsunta su ƙone ba ta sani ba. Manomi zai wuni da ƙaya a tafin ƙafa, sai gyambo ya buɗe ya fara wari sannan a lura. Da safe majinyata na jeruwa a kan benci. Ma'aikaci ya durƙusa, ya jiƙa ƙafar a ruwa, ya kankare mataccen nama, ya sa magani, ya naɗe. Gobe ya sake, jibi ya sake, wani shekara da shekaru. Kafin zuwan ƙwayar dafson a ƙarshen shekarun 1940, maganin da ake da shi allura ce ta man wani icce na ƙasar Indiya, mai zafi, mai ƙarancin amfani. Wato an daɗe ana jinyar mutanen da ba a da tabbacin za su warke.

Yawancin masu durƙuson nan ba Turawa ba ne. 'Yan ƙasa ne, wasunsu tsofaffin majinyata da suka samu sauƙi suka koyi aikin. Tarihi ya riƙe sunayen likitoci, ya saki nasu. A ganina a hannunsu ne koyarwar Markus ta fi fitowa fili, domin ba suna suke nema ba, ba kuma wani albashin kirki ake ba su ba.

Inda aka gaza

Nazari ba yabo ba ne kaɗai. 'Yan mishan ba su ɓoye cewa sun zo neman masu tuba ba, kuma da yawansu sun ɗauki asibiti a matsayin hanyar kaiwa ga haka. Majinyacin da ya bar garinsu ya zauna a zango, abincinsa da maganinsa na hannun mutum ɗaya da mai yi masa wa'azi. Wanda ke cikin wannan hali, "to" ɗinsa ba lalle ta fito daga zuci ba. Akwai kuma batun yara. An riƙa raba jarirai masu lafiya da iyayensu mata don kare su daga cutar, sai su tashi a hannun mishan. Sarakuna sun koka kan koya wa 'ya'yan Musulmi wani addini, kukansu kuma yana da tushe.

Mai bi na da 'yancin faɗin abin da ya gaskata, kuma mutane da dama, musamman cikin Maguzawa, sun karɓi Kiristanci da idonsu biyu, jikokinsu su ne Masihiyawan yau. Laifin yana wurin da aka ƙulla magani da amsa kira, ko a baki ko a fuska. Duk inda majinyaci ya ji cewa kulawa za ta ƙaru in ya zo sujada, an mai da ƙauna ciniki. Mai wanke gyambo yana ƙirga ribar da zai samu bai kai Basamariyen nan ba, wanda ya biya ya wuce. Abin lura shi ne, mafi yawan waɗanda aka yi wa jinya a Yadakunya sun koma gida a Musulminsu. Wasu rahotanni na iya kiran wannan asara. Bisa ma'aunin sura ta 17 ta Luka kuwa, daidai ne da abin da Yesu da kansa ya gani, kuma bai fasa ba.

Gadon a yau

Gwamnati ta karɓi yawancin asibitocin mishan a shekarun 1970. Tun 1981 aka samu haɗin magunguna da ke warkar da kuturta, daga 1995 kuma kyauta ake ba da shi a duniya. Al'adar jinya ta sauka daga asibiti zuwa tsakar gida, kuma Zumuntar Mata ce ta fi riƙe ta. Mata ne da ke ɗaura zane iri ɗaya, su tara kwanon dawa da ɗan sabulu, su je gidan mai jego ko wadda mijinta ya rasu, su share, su ɗebo ruwa, su zauna. Zumunta a ƙafa take. Gwajinsu shi ne ko ƙafar za ta tsallaka zuwa gidan maƙwabciyar da ba ta zuwa coci.

Barazanar yau daga cikin gida take. Wa'azin "ba da don ka samu ninki" ya cika wasu majami'u, har ana koya wa talaka cewa baiko jari ne. Ciniki ne ya dawo da sabuwar riga. A ɗaya gefen kuma rikice-rikicen addini sun sa wasu sun taƙaita ƙauna ga 'yan ɗarikarsu, alhali sura ta 5 ta Matiyu ta faɗaɗa ta har ga maƙiyi. Fasto James Wuye na Kaduna ya rasa hannu a wani rikicin addini a 1992, daga baya ya haɗa kai da Imam Muhammad Ashafa, wanda a da suke gaba, suka kafa cibiyar sasanta tsakanin addinai. A watan Yunin 2018 Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye ɗaruruwan mutane, akasarinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa a ƙasar Barikin Ladi. Kirista mai gaskiya ba zai ji nauyin cewa a ranar nan limamin ne Basamariyen ba.

Kirana ga 'yan'uwa Masihiyawa, a Ɗambatta da Roni da ko'ina, shi ne mu riƙe abin da magabata suka yi daidai, mu ajiye inda suka kauce. A duba maras lafiya don ba shi da lafiya, a ciyar da mai yunwa don yana jin yunwa, tsakani da Allah. Wanda ya tambayi dalili a gaya masa cikin ladabi, wanda bai tambaya ba a sallame shi da fatan alheri. Shiriya ta Allah ce, namu shi ne jinya.