Sharhi a kan Yadda Aka Ba da Labarin Gubar Dalma a Ƙasar Anka da Bukkuyum

Wannan takarda za ta dubi wani giɓi da ke cikin rubuce-rubucen da aka yi game da annobar gubar dalma wadda ta ɓulla a shekarar 2010 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma. Asalin abin sananne ne: ana kai duwatsun zinariya cikin gida a niƙa su, ƙurar ta gauraye da ƙasar tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu.

Galibin abin da aka rubuta, har da rahoton ƙungiyar Human Rights Watch na 2012, ya tsaya ne a kan duwatsun murhu uku: ba da maganin da ke fitar da dalma daga jini, wanda likitocin MSF suka ɗauki nauyinsa, da kwashe gurɓatacciyar ƙasa, kamar yadda aka yi a Bagega a 2013, da kuma gyara hanyar haƙar ma'adinai. Ba a raina wannan aiki ba. Amma abin lura shi ne, maganin nan yana rage dalma ne kawai, ba ya mayar da ƙwaƙwalwar da ta riga ta taɓu. Saboda haka labarin ya fi ƙarfi wajen ƙirga matattu, ya yi rauni wajen bin sawun yaron da ya tsira daga jijjiga amma ya tashi ba magana, ko ba ya riƙe karatun allo.

A ganina, harshe ma yana da nasa laifin. Bahaushe yana da kalmomi da dama na kiran irin wannan yaro, wato wawa da dolo da gaula da sakarai, kuma kowace daga cikinsu zagi ce. In an tausasa, sai a ce taɓin hankali, alhali kuwa taɓin hankali ciwo ne da ke samun hankalin da ya riga ya nuna, shi ko wannan yaro girman hankalinsa aka tauye tun yana goye. Mafi muni shi ne a ce ɗan ruwa ne, aljanu suka musanya shi. Da zarar an faɗi haka, an ɗauke laifi daga ƙura an ɗora wa uwa, sai ta ɓoye ɗanta a ɗaka don kada a guji auren 'yan'uwansa mata. Ita kanta uwar, da baƙin cikin da ke cin ta, da wuya a ji muryarta a rahotannin.

Yaran 2010 yanzu sun zama samari da 'yammata. MSF ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha a 2022, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Sai dai asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware yana can gaba da birnin Sakkwato, tafiya ce mai nisa ga mai fitowa daga Anka ko Bukkuyum ko Gummi riƙe da saurayin da ba ya iya faɗin abin da ke damunsa.